Shok ɗin gaban Boxer yana zubar da mai, zan iya kwance shi a gida?

Ɗan Gumel, Agege:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Bajaj Boxer ne mai 100, shok ɗin gaba na hagu yake tsiyayar mai. Sau biyu ana canza oyil sil cikin wata uku. Kowane karo sai ya yi sati biyu ko uku lafiya, sannan sandar shok ɗin ta fara naso, bayan kwana kaɗan mai ya gangaro har kan farantin birki. Yanzu in taya ta faɗa rami sai a ji ƙwas, kamar ƙarfe ya daki ƙarfe. Na dama ba ya zuba.

So nake in kwance shi da kaina a tsakar gida ranar Lahadi. Akwai sufanoni da filaya da alanki da guduma. Abin da nake son sani shi ne daga ina ake farawa, yaya ake yi da bol ɗin nan na ƙasa da ake cewa juyawa kawai yake ba ya fita, wane mai ake zubawa kuma nawa. Sannan sil ɗin ne jabu ko akwai wani abu daban? Allah ya saka da alheri.

Oga Habu Makanike, Idi-Araba:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Da tambayarka ta ƙarshe zan fara, don ita ce za ta nuna maka abin da za ka sayo. Sil ɗin da ya mutu cikin sati uku, sau biyu a jere, a ƙafar shok ɗaya, da wuya ya zama laifinsa ne. Kashe shi ake yi. Ɗaga gaban babur ɗin sandar mai ƙyalli ta fito iyakar fitowarta, ka goge ta tas, ka bi ta da farce kana zagayawa har inda take shiga robar ƙura. Duk inda farce ya tsaya, ko da ɗigon tsatsa ne kamar kan allura, to nan wuƙar da ke yanka leɓen sil take. A Legas wannan ciwon shi ne kan gaba. Ga iska mai gishiri daga teku, ga doguwar damina, ga ruwan kwata da ake kutsawa in hanya ta cika. Tun da gwamnatin jiha ta hana acaba a wasu ƙananan hukumomi a 2022 kuma, aikin ya fi komawa lungunan unguwa inda taɓo da rami suka fi yawa. Ruwa ya kwanta a jikin sanda, farin kurom ɗin ya huje, tsatsa ta tasa baki, shi ke nan.

Ka tanadi kayan ƙafa biyu, ba ɗaya ba: sil biyu, robar ƙura biyu, washar jan ƙarfe biyu ta bol ɗin ƙasa, man shok, kananzir kamar lita ɗaya na wanki, tsumma mai tsabta, guntun fayif ɗin roba na masu aikin famfo, sandar mofa, da ledar fiya wata. Alankinka ya zama dogo, don bol ɗin can cikin rami yake. In bol mai kaurin milimita 8 ne, alanki mai lamba 6 ke shigarsa, in mai 10 ne sai lamba 8. Sil kuwa kar ka saya da ka. Cire tsohon ka tafi da shi. Akwai lamba uku a jikinsa, misali 30 42 11, wato faɗin ciki da faɗin waje da tsayi. Bambancin milimita ɗaya ya isa ya sa ka sake aikin.

Duk wahalar aikin nan a jerin sassautawa take. Abin da zai gagare ka a ƙasa, ka motsa shi tun shok yana jikin babur. Kafa babur a dogon sitan, sassauta notin shaf ɗin taya, sannan ka sa katako a ƙarƙashin inji ko ka ɗora buhun yashi a kariya don gaba ya tashi. Cire wayar birki da wayar sifidomita, zare shaf, fitar da taya, ka lura da gefen da ɗan zoben ƙarfen da ke jikin shaf yake. Madigadi kuwa bar shi tukuna, shi ke riƙe ƙafafun kada su juya.

Yanzu leƙa ta ƙasan ƙafa, daidai inda shaf ya fita, za ka ga kan bol ɗin. Ramin kansa a cike yake da busasshiyar laka. Ƙwaƙule shi da ƙusa sosai, sa alanki, ka ɗan buga masa guduma ya zauna har gindi. Alankin da ya shiga rabi shi ke cinye kan bol, kuma in kan ya cinye sai dai injin huda ƙarfe. Ƙara wa alankin tsawo da guntun bututu, ka fizge shi gaba ɗaya, ba ja a hankali ba. Dalilin yin wannan yanzu shi ne sifirin yana ciki yana danne siririn bututun da bol ɗin ya kama, wanda muke ce wa fistin, don haka ba zai bi ka yana juyawa ba. Da ya motsa ka mayar da shi ka ɗan ɗaure, kada mai ya zube tun yanzu.

Sai sama. Iri biyu ne. A wasu baburan babban bol ne ya ratsa farantin sitiyari ya kama sandar, in ka cire shi za ka tarar da wani toshi a ciki, shi ke danne sifirin. A wasu kuma murfin da kansa ke danne sifirin, sandar matse ta aka yi da bol ta gefe. In irin na biyun ne, fara sassauta bol ɗin gefe na sama, don yana matse zaren murfin. Ko wanne ne dai, ka motsa murfin ko toshin tun bol ɗin ƙarfen wuya na ƙasa, wato ƙarfen da ke matse sandunan biyu a ƙarƙashin sitiyari, yana ɗaure. Daga nan ka cire madigadi, ka sassauta na ƙasan, ka murza sandar kana ja ƙasa. In tsatsa ta riƙe ta, cusa bakin sukudireba a tsagin matsin ya ɗan buɗe, ka ɗiga kananzir. Filaya mai haƙori kada ta kusanci jikin sandar ko sau ɗaya.

Fara buɗe na dama mai lafiya, kuma kada ka zubar da mansa sai ka auna shi. Wajen cire murfi ka danna shi da tafin hannu kana warwarewa, fuskarka a gefe, don in zare ya ƙare sifirin harbo shi yake yi. Shimfiɗa kwali ka jera duk abin da ya fito yadda ya fito: murfi, ɗan bututu in akwai, washa, sifirin. Ka lura da gefen da zoben sifirin suka fi matsuwa, sama yake ko ƙasa, haka za ka mayar. Kifa shok a kwano kana tura sandar ciki da waje har mai ya daina fita.

Yanzu cire bol ɗin ƙasa. In ya fara juyawa a banza, fiƙe kan sandar mofa kamar fensir, cusa ta cikin sandar shok har ta kama kan fistin, tokare ɗaya kan da bango, ka danna da ƙarfi kana kwancewa. In ta ƙi, mayar da sifirin da murfi, wani ya danne shok ɗin a ƙasa kai kana fizgar alanki. Da bol ya fita, a yawancin ƙananan baburan nan sandar zarewa take salin alin daga ƙafar, wato kwanson alminiyon na ƙasa. In ta tsaya a ƙarshe, to mai bushin ne, wato zoben da sandar ke zamewa a cikinsa, sai ka cire robar ƙura da kilif ɗin wayar da ke tare sil tukuna, sannan ka riƙa fizgarta da ƙarfi har bushin ɗin ya turo sil waje. Kifa sandar, fistin zai faɗo da ɗan ƙaramin sifirin a jikinsa. Akwai kuma wani ɗan kofin alminiyon da ke zama a bakin fistin, sau da yawa maƙalewa yake a gindin ƙafa. Nemo shi. Shi ke rage ƙarfin bugu in shok ya nutse har ƙarshe, kuma shi aka fi mantawa a cikin kwanon tsohon mai.

Cire sil daga ƙafa: ɗaga robar ƙura, zare kilif daga raminsa, kwarara wa bakin ƙafar ruwan zafi don alminiyon ya ɗan buɗe, ka sa guntun katako a gefen bakin, ka ɗaga sil da ƙarfen cire taya kaɗan kaɗan kana zagayawa. In ka karce bangon da sil ke zama, mai zai riƙa bi ta bayansa, sabon sil ba zai yi maganin wannan ba.

Wanke komai da kananzir. Baƙin taɓon da za ka gani a gindin ƙafa garin alminiyon ne da tsohon mai, sai ka sa tsumma a kan sanda ka goge shi. Duba ramukan jikin fistin ko sun toshe. A shanya a bushe.

Wajen haɗawa, zura fistin da ƙaramin sifirin cikin sanda, ɗora kofin a bakinsa da ya leƙo, ka zura ƙafar a kai a kwance don kada kofin ya faɗi. Tura sandar har gindi kafin ka ɗaure bol, hakan ke daidaita kofin a tsakiya. Sa sabuwar washa. In ba ka samu ba, gasa tsohuwar a wuta ta yi ja ta huce, za ta yi laushi ta sake kamawa. Mai milimita 8 wajen Nm 20 ake ɗaure shi, wato ƙarfin hannu ɗaya a kan alanki, ba tare da ƙarin bututu ba. Rufe kan sandar da ledar fiya wata, shafa mai a leda da leɓen sil, ka zura shi rubutu yana kallon sama, buɗaɗɗen gefen mai ɗan zoben waya yana kallon mai. Ɗora tsohon sil a kansa, ka buga da fayif ɗin roba har ramin kilif ya bayyana gaba ɗaya. Kilif ya zauna da ƙara, ka zagaya shi da sukudireba ka tabbatar, sannan robar ƙura.

Injiniya Bala, Ojo:

Sannu da ƙoƙari Oga Habu. Bari in ɗauki zancen mai, don nan ne ake ɓata aikin da aka yi da kyau.

Sifirin nauyi kawai yake ɗauka. Abin da ke hana babur tsalle shi ne man da ake tilasta wa bi ta ƙananan ramukan fistin. Kaurin man shi ke yanke saurin nutsewa da dawowa. Man shok mai lamba 10W shi ya dace da irin waɗannan baburan. In babu, jan man giyar mota mai otomatik, ATF, kaurinsa ya yi kusa da shi, kuma tsofaffin littattafan Honda ma shi suke cewa a zuba a shok. Baƙin mai 20W50 da ake yawan zubawa a bakin hanya ya ninka man shok kauri kusan sau huɗu. Mai babur zai ji gaba ya yi tauri ya ce an gyara, alhali shok ɗin ya daina bin hanya. A jerin ramuka yana nutsewa bai gama dawowa ba ya sake cin wani, duk bugun a wuyan hannu da boris ɗin wuya yake ƙarewa. Tsohon baƙin man da aka juye daga inji kuwa garin ƙarfe ne a cikinsa, sanfefa ce mai ruwa. Man birki kada ma a fara, lalata robar sil yake yi.

Yawan mai ya bambanta daga babur zuwa babur, har tsakanin Boxer da Boxer, don haka adadin da ke littafin babur ɗinka shi ne hujja. Masu 100 zuwa 125 ba sa kai rubu'in lita a kowace ƙafa, kwalbar rabin lita ta ishe ka har da ragowa. In littafin ya ɓata, to ga amfanin abin da Oga ya ce na auna ƙafar dama. Zare sifirin a hankali ka bar man jikinsa ya tsiyaye ciki, tura sandar har gindi, tsayar da shok a miƙe, ka zura waya mai tsabta ko rula ta ƙarfe daga bakin sanda har ta taɓa mai. Rubuta tazarar. Sai dai wannan awon yana da amfani ne in ba a taɓa yi wa ƙafar zubin ido ba. Ka kuma juye man a kofin awo ka ga mililita nawa ne, awo biyun su gaskata juna.

Na fi yarda da awon tsayi a kan awon kofi, ga dalili. Sararin da ke saman mai iska ce, kuma in shok ya nutse ita ma matsuwa take kamar sifirin na biyu. A sanda mai faɗin milimita 30, ƙarin mililita 10 kacal kan ɗaga mai kusan santimita 2. In mai ya yi yawa, iska ta rasa wurin zuwa, shok ya ƙi kaiwa ƙarshe, matsin ya koma kan sil ya turo mai waje. Wasu sil ɗin da ake zagi da sunan jabu, cika mai ne ya fasa su. In ya yi kaɗan kuma, fistin ya riƙa zuƙar iska, mai ya yi kumfa, shok ya buga gindi. Ƙwas ɗin da kake ji, mai yiwuwa ƙafar hagu ce ta ƙafe.

Yadda ake zubawa: shok a tsaye, babu sifirin, sanda a ƙasa. Zuba mai, ka ja sandar sama da ƙasa a hankali sau goma ko fiye har ka daina jin gurɓin iska, ka bar shi minti biyar kumfa ta kwanta. Samo babban sirinji a kemis da robar ƙarin ruwa, ka naɗa salatif a jikin robar daidai tazarar da ka rubuta, zura ta har salatif ya taɓa bakin sanda, ka zuƙe abin da ya haura. Ƙafa biyun su zo daidai, kada bambancin ya wuce milimita 2. Daga nan ja sandar sama gaba ɗaya, sa sifirin, ka kama murfi. Zarensa siriri ne. Danna shi ka juya baya kamar mai kwancewa har ka ji ɗan ƙas, sannan ka juya gaba da hannu zagaye uku ko huɗu kafin sufana ta taɓa shi. Duba zoben robar da ke jikinsa, in ya baje a canza.

Man da ya fito fari kamar koko, ruwa ne ya shiga. Mai aiki kullum a garin nan, a ganina ya riƙa canza man shok sau ɗaya a shekara, bayan ruwan watan Oktoba ya ɗauke. Tsohon kuma a zuba a jarka a kai wa masu saye, kada a juye a kwata.

Baba Ɗanjuma, Mile 12:

Yaro, duk abin da suka faɗa maka haka yake, amma kar ka sayi komai sai ka yanke hukunci a kan sandar.

In tsatsar tana can sama inda sil ba ya kaiwa, goge ta kawai ka shafa giris. In tana inda sil ke bi, duba irinta. Wadda ta taso sama kamar ƙurji ana iya kwantar da ita da sanfefar ruwa mai lamba 1000 ko 1200, a jiƙa da mai, a yanko siriri a naɗa a sanda a riƙa ja a zagaye. Kada a goga ta tsawo, layin da zai bari hanya ce ka buɗe wa mai. Ana yi ana gwadawa da farce. Wadda ta ci rami kuwa, wasu kan wanke ramin da fetur su cike da gam ɗin Araldite, in ya kwana ya bushe su goge ya yi daidai. Yana riƙewa na ɗan lokaci in ramin ɗaya ne ko biyu. In kurom ya fara ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa, ba sauran dabara, sai sabuwar sanda. Ka je da tsohuwar a gwada tsawo da kauri da zaren sama, don akwai masu kama da juna da ba sa shiga.

Sannan ka gwada miƙewarta, wannan su biyun ba su taɓo ba. Babur ɗin da ya taɓa dukan bayan motar haya ta danfo ko ya faɗa kwata da gudu, sandarsa kan lanƙwashe daidai ƙasan ƙarfen wuya, ido ba ya gani. Mirgina ta a kan gilashin tebur ko madubi, ka sa fitila a baya. In haske yana buɗewa yana rufewa a ƙarƙashinta, ta karkace. Ko ka haɗa sanda biyun gefe da gefe kana juya ɗaya. Littattafan gyara da yawa milimita 0.2 suke ba da iyaka, ka ga ba abin wasa ba ne. Karkatacciyar sanda tana danne leɓen sil gefe ɗaya tana sakin ɗaya. Ƙaramar lanƙwasa masu injin matsi suna miƙar da ita, amma wadda ta yi ƙwarya ko layi a wurin lanƙwasar a jefar, don a nan za ta karye wata rana, kuma ba a tsaye za ta karye ba. Mai cewa zai gasa ta da wuta ya miƙar, karɓi kayanka ka yi gaba.

Bayan ka wanke, zura sandar cikin ƙafa babu sil, ka ja ta kamar rabi, ka girgiza gefe da gefe. Ɗan motsi kaɗan dole ne. In tana kaɗawa kamar muciya a tukunya, cikin ƙafar ya cinye, ko bushin in mai bushin ne. Irin wannan ko sil na zinariya ka sa sai ya zuba. A nan sayen shok sukutum ya fi araha a kan canjin sil duk wata.

Sifirin biyun ka tsayar da su tare a ƙasa. In ɗaya ya gaza ɗaya tsawo, canza duka biyun. Cusa soket ko guntun fayif a kan gajiyayyen sifirin don babur ya tashi, yana ɗaga gaba, amma ba ya mayar masa da ƙarfi, kuma in aka yi lodi zoben sifirin haɗewa suke su buga.

Inda na ɗan saɓa da Injiniya shi ne zancen ƙwas. Kafin ka ɗora laifin a kan mai, tun gaba yana sama ka kama ƙafafun biyu ta ƙasa ka ja gaba da baya. In ka ji motsi a wuya, boris ne ya saki. Juya sitiyari hagu da dama a hankali, in yana maƙalewa a tsakiya, mazaunin boris ya yi rami. Tun da ka riga ka cire shok, rabin aikin wuya ka gama, wanke shi ka sa sabon giris.

Sil ma akwai mai kyau akwai na banza, ban musa ba. Matsa shi a hannu, robar ta yi laushi ta dawo, leɓen ya zama mai kaifi babu tsaga, zoben wayar ciki yana nan daram. Wanda ya shekara a rana a kan tebur ya bushe tun kafin a sa shi.

Ɗan Gumel, Agege:

Na gode ƙwarai Baba, na gode Oga da Injiniya. Na bi sandar hagu da farce, akwai ɗigo biyu a gaba, kamar yatsa uku sama da robar ƙura, farce yana tsayawa a kansu amma kurom bai ɓare ba. Wuya ba ya motsi. Na buɗe birki kuma na tarar shu ɗin ya jiƙe da mai. Zan iya wanke shi da fetur in mayar? Wani ya ce a ƙona shi man ya fita. Sannan wajen mayar da shok jikin babur akwai abin lura?

Oga Habu Makanike, Idi-Araba:

Yatsa uku sama da robar ƙura, daidai inda sil ke kai da komo ke nan duk ramin da ka shiga. Ka samu ɓarawon. Yi musu sanfefa yadda Baba ya ce, in bayan gogewa rami ya rage wanda farce ke faɗawa, ka cike shi ka fara tara kuɗin sanda. In babur ɗinka mai robar nan ce mai ninki kamar zugazugi, duba ta da kyau. Lafiyayya tana kare sanda, yagaggiya kuwa tara ruwa take ta riƙe, gara babu ita.

Shu ɗin birki canza shi. Mai ya riga ya shige cikinsa, fetur saman kawai zai wanke, da ya ɗau zafi zai sake tsatsowa. Ƙonawa ta fi muni, don da gam aka manne fatar a jikin ƙarfen, wuta na kashe gam ɗin, in fatar ta ɓalle cikin dirom kana tafiya taya kullewa take. Dirom ɗin ne za ka wanke da fetur ka ɗan bi shi da sanfefa.

Wajen mayarwa, goge cikin matsin ƙarfen wuya da jikin sanda kada a bar mai. Zura ƙafa biyun su tsaya tsayi ɗaya a sama, ka kama bol ɗin da hannu kawai. Gwada shaf babu taya. Ya kamata ya ratsa ƙafa biyun da turin hannu. In sai da guduma, ɗaya ta fi ɗaya sauka ko akwai karkata, gyara kafin ka ci gaba. In ya shige, ɗaure na sama, ka ƙarasa ɗaure murfin da ka kama da hannu, sannan bol ɗin ƙarfen wuya na ƙasa. Madigadi ka kama bol ɗinsa sako-sako.

Wajen sa taya abu biyu ne. Haƙoran giyar sifidomita su faɗa gurbinsu a jikin taya, in ba su zauna ba kana ɗaure noti za su murƙushe. Na biyu kuma shi ne mai haɗari: farantin birki yana da tsagi, jikin ƙafar shok yana da ɗan tudu, dole tudun ya shiga tsagin. In bai shiga ba, birkin farko da ka kama farantin zai juya da taya ya tsinke waya. Leƙa ka gani da idonka, kada ka yi zato. Mayar da zoben ƙarfen gefen da ka ciro shi, ɗaure notin shaf, in mai fin ne ka sa sabon fin.

Sauke babur daga sitan, kama birkin gaba, ka danna sitiyari ƙasa da ƙarfi sau biyar ko shida don ƙafafun su sami mazauninsu. Bayan nan ne za ka ɗaure madigadi, da bol ɗin da ke matse shaf in naka yana da shi. In ka ɗaure su tun farko a karkace, shok zai riƙa maƙalewa, ya nutse ya ƙi dawowa sai an ɗaga.

Ɗaura siririyar roba a jikin sanda daidai kan robar ƙura, ka hau ka zauna, ka sauka a hankali ka ɗaga gaba ka ga inda ta tsaya. Nauyinka da na babur kaɗai ya cinye kamar kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na tafiyar shok. In ya kai rabi, sifirin ya gaji. Zagaya unguwa a hankali ka gwada birki kafin ka ɗauki fasinja. Ranar farko za ka iya ganin ɗan zoben mai a sanda, wanda ka shafa ne wajen haɗawa, goge shi. In bayan kwana biyu yana dawowa, ɗaga robar ƙura, yanko siririyar roba daga gorar ruwa, ka zura ta tsakanin sil da sanda ka zagaya sau ɗaya kana jan ta sama, wani lokaci ƙwayar yashi ce ta maƙale a leɓen. Ka kuma taɓa ƙasan ƙafa wajen shaf, in can ne ke jiƙewa to washar jan ƙarfe ce ba ta kama ba.